Shekarar da Na Saya wa Inna Tukwanen Burukutu

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da yake babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Ana cewa wai an kore ni daga unguwar Hausawa ta Agege domin an kama ni da giya a ɗaki. Babu wanda ya kama ni da kome, babu kuma wanda ya kore ni. Da ƙafata na fita, da rana tsaka, bayan na yi sallama da mai gidan a zaurensa, kuma da za a mayar da ni waccan shekara, abin da na yi shi zan sake yi. Ku kun san kakarku Inna tana tsohuwa mai faɗa da dariya, mai korar ku daga bakin murhu da muciya. Ba ku san akwai lokacin da ta kusa mutuwa a zaune ba. Wannan lokacin nake son in ba ku labarinsa.

Mu Maguzawa ne daga kudancin ƙasar Katsina. Hausa muka tsotsa, ba mu da wani harshe bayanta. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta riƙe ni da yayyena mata, kuma da tukwanen burukutu ta riƙe mu. A yankinmu ba a gayya, ba a biki, ba a zaman makoki sai an aiko mata tun da sauran lokaci, domin an san giyarta ba ta sa ciwon kai. Da waɗannan tukwane ta kai ni makarantar mishan, da su ta kai ni jami'a, inda na karanta Hausa, abin da ya ba ta dariya ƙwarai, don a ganinta na je nesa neman abin da na baro a tsakar gida. Bautar ƙasa ta kai ni Legas, da na gama kuma sai na zauna neman aiki. A wajen wani mai shayi a Agege na haɗu da Alhaji Garba mai goro, dattijo haifaffen unguwar, wanda kakansa ya zo da fataucin goro tun zamanin Turawa. Ya saurare ni ina magana da mai shayin, sa'an nan ya sa aka kira ni.

"Samari, daga ina?"

Na faɗa masa garinmu, na faɗa masa sunana Tanko, na kuma faɗa masa ni Kirista ne, domin kada ya ji daga bakin wani.

"Ban tambaye ka wannan ba," in ji shi. "Bakinka na ji. Jikokina idan sun buɗe baki, rabi Yarbanci ne, rabi Turancin tasha. Jiya ɗaya ya ce mini wai oga ya ce ya zo nau-nau. Ka zo ka gyara mini bakinsu."

Ya ba ni ɗaki kusa da zaure. Kowace yamma yara sukan taru a kan tabarma, in koya musu karatu da rubutu da magana irin ta gida. Maƙwabta suka ga abin, suka turo nasu, har ya zama da shi nake ci. Unguwa duka ta koma kirana Malam Tanko. Ban taɓa samun aikin da na ƙaunata kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan, kuma ina so ku riƙe wannan a ranku, don ku san abin da na ajiye.

A shekara ta dubu biyu aka hana dafa giya da sayar da ita a jiharmu. Mai unguwa da kansa ya je ya sanar da Inna, cikin girmamawa, ya ce gara ta ji daga bakinsa kafin samarin cikin gari masu tabbatar da dokar su zo. Ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi bakin ƙofa. Washegari ta ɗauki taɓarya ta farfasa tukwanenta da randunanta gaba ɗaya, domin ta ce hannun da bai san wahalarsu ba ba zai taɓa su ba. Babbar yayata ce ta aiko mini da labari, ta ce tun ranar Inna ba ta fita ko bakin rijiya. Yayyena duka suna gidajen aurensu a garuruwa dabam-dabam, gidanmu ba kowa. Na hau mota na je na ɗauko ta. Kayanta ƙunshin zannuwa ne da muciyarta guda.

A gidan Alhaji an karɓe ta da mutunci. Hajiya, matar gidan, takan aiko mata da tuwo, takan zo ta zauna ta ja ta da hira. Inna takan amsa gaisuwa, ta yi godiya, ta ci loma biyu ta rufe kwano. Sauran yini tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, tafukan suna kallon sama. Ban taɓa ganin hannuwan nan babu abin yi ba, sai da na ga kamar na wata ne aka ara mata. Damina ta shiga, zanenta ya fara zagaye ta fiye da da. Na kai ta asibiti, aka auna ta, aka ce ba a ga kome ba. Na saya mata gero da tukunya ta yi kunun zaki, gidan duka aka yaba, ita kuwa ta ce wannan aikin 'yan mata ne, ba ta sake ba. Wata safiya ina shirin fita ta kira ni.

"Tanko, ka mayar da ni gida."

"Inna, wa ke gidan? Rufin ɗakinki ma ya faɗa."

"Ba zama zan je yi ba. Ka kai ni inda aka san sunana, in kwanta a can."

Na gane abin da take nufi, ita ma ta san na gane. Ranar nan na tilasta mata ta raka ni kasuwa, don kawai ta ga mutane. Tana biye da ni kamar wadda ake ja da igiya, har muka iso rumfar masu hatsi. Sai na ga ta tsaya, ta tsoma hannu cikin daron jar dawa, ta ɗauki ƙwaya ta ciza, ta duba cikinta.

"Wannan ta bana ce," in ji ta. "Za ta yi tsiro."

Tun zuwanta Legas wannan ne karo na farko da ta faɗi ra'ayinta a kan wani abu. A hanyar komawa gida na yanke shawara cewa Inna za ta koma bakin murhu. Abin da ban sani ba shi ne da waɗanne kaya, kuma ban yi tsammanin amsar wannan tambaya ce za ta raba ni da unguwar ba.

Ina da aboki a coci, Bulus, direban tankar mai a Apapa, mutumin kudancin Kaduna, mai fara'a da yawan surutu. Furofesa yake kirana, domin ina yawan gyara masa Hausa, shi kuwa ba ya gyaruwa. Da na faɗa masa damuwata, ya ce in bar masa. Ranar Lahadi bayan sujada sai ga shi a kan okada da buhu. Ya shigo ɗaki ya tura ƙofa, ya zazzage kayan a gaban Inna: jarka fara, ƙaramar tukunyar dalma, risho, guntun tiyo da yadin tata.

"Mama, ga masana'anta," in ji shi. "Haka ake yi a Legas. Ki dafa a risho, ki juye a jarka, ki tura ƙarƙashin gado. A kunna maganin sauro, wa zai sani? Furofesa yana can yana koyar da baƙi da wasali, ke kina nan kina abinki."

Ba zan ce shawarar ba ta burge ni ba. Da waɗannan kaya zan riƙe ɗakina, in riƙe ɗalibaina, in riƙe Alhaji, Inna kuma ta sami abin yi. Ta daɗe tana kallon kayan. Ta ɗaga tukunyar da yatsu biyu, ta mayar.

"Wannan ta ɗumama ruwan jego ce. Bulus ɗana, ka taɓa tsayawa kusa da inda ake dafa tsiro?"

"Sau da yawa, Mama."

"To ka san ƙanshinsa ba ya jin ƙofa. Gida uku yake tsallakawa. Amma bar wannan. A ƙasar wa zan kafa murhu?"

Bulus ya dube ni. Ni na san inda ta dosa, domin na tashi ina gani. A wajenmu mace ba ta kafa murhun giya sai ta sanar da mai ƙasar da murhun zai zauna a kai, ko mijinta ne, ko surukinta, ko wanda ya ba ta aron fili. Idan giyar farko ta tashi, ƙwaryar farko tasa ce. Ko ya sha, ko ya zuba a ƙasa, wannan ruwansa, amma dole ya karɓa da hannunsa. Kafin ya karɓa ba a sayar wa kowa, ita ma mai dafawar ba ta ɗanɗana. Inna ta yi shekara da shekaru tana bin wannan, shiga coci bai sa ta bari ba.

"Mama, nan Legas ce," in ji Bulus. "Mai ƙasa gwamnati ce."

"To ka kai wa gwamnati ƙwaryar, ka dawo ka faɗa mini ta karɓa." Ta juyo gare ni. "Mutumin nan ya ba ka ɗaki, matarsa tana aiko mini da tuwo. In dafa a bayan idonsa abin da addininsa ya hana, a cikin gidansa? Ban yi sata ina yarinya ba. Kwashe kayanka, Bulus, Allah ya yi maka albarka."

Ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. A nan na ga yadda zaɓin yake. Ƙananan kaya na ɓoyo ne, ita kuwa ba za ta taɓa su ba. Kayan da za ta taɓa manya ne, masu neman tsakar gida da itace da hayaƙi, da mai ƙasar da zai miƙo hannu. Irin waɗannan kaya ba su da wurin zama a gidan Alhaji Garba, ko a wani gida na unguwar.

Na sami Alhaji da hantsi a zaure, yana kwance huhun goro, yana ware masu tabo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa kome, tun daga fasa tukwane har zuwa buhun Bulus. Bai katse ni ba, hannunsa kuma bai daina aiki ba.

"Malam Tanko, ka san ba zan iya ba."

"Na sani, Baba Alhaji. Ba izini na zo nema ba. Sallama na zo yi."

"Ta yi kunu mana. Ni zan sayi tukwanen, Hajiya ta samo mata masu saye."

"An gwada. Ba abin sayarwa ta rasa ba, aikinta ta rasa."

Ya ajiye goron da ke hannunsa, ya dube ni sosai.

"Yaran fa? Ba zan rufe ka ba. Ni na yarda da kai, amma ba ni kaɗai ke da yara a tabarmar nan ba. Ko ni ɗin ma, ba zan so a ce malamin jikokina daga gidan giya yake fitowa ba. Idan ka tafi, ka tafi da karatun."

"Na yi tunanin haka kafin in shigo."

"Da ka ɓoye mini, da wataƙila sai an shekara ban sani ba."

"Da ka sani tun ranar farko, Baba Alhaji. Inna ta ce ƙanshin tsiro gida uku yake tsallakawa."

Ya yi dariya kaɗan. Ya zaɓi manyan goro farare ya ƙunsa a ganye ya miƙo mini.

"Abin da za ta yi ba na sonsa, kuma ba zan ce maka ina sonsa ba. Amma uwa ce. Ka kai mata wannan, ka ce na gode da ba ta ci amanar gidana ba. Tashi ka je."

Abin da ya faɗa ya tabbata. Ban ƙara zama a kan tabarmar nan ba. Aka samo wani malami, yaran da na fara gyara wa baki sukan gan ni a hanya su gaishe ni da sauri su wuce. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a wata ƙaramar makarantar kuɗi, ina gyara wa 'ya'yan mutane harshen da ba shi na ƙaunata ba. A coci ma Fasto ya kira ni gefe, ya ce ba zan ci gaba da karanta Littafi a gaban jama'a ba muddin ana dafa giya a gidana, na ce na ji. Da ni da Alhaji mun ci gaba da gaisawa har ya bar duniya, gaisuwa mai kyau, amma a tsaye, a bakin hanya. Wannan duka na san zai faru kafin in shiga zauren, don haka ban taɓa ganin laifin kowa ba.

Bulus, wanda bai yi fushi da korar buhunsa ba, shi ya samo mana wuri a hayin layin dogo, gidan wani tsohon soja mutumin Zuru da kowa ke kira Saja. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, yana da ɗakuna biyu a rufe da tsakar gida mai faɗi da rijiya da bishiyar mangwaro. Inna ta zagaya tsakar gidan, ta duba inda iska ke bi, ta ɗebi ruwan rijiyar ta kurkure baki. Sa'an nan ta je gaban Saja ta durƙusa ta faɗi abin da take son yi a ƙasarsa.

"Marigayiya ma shi ta yi a bariki har muka yi ritaya," in ji shi. "Kafa murhunki, Uwar Tanko."

Sai maganar kaya. Inna ta so a samo mata manyan tukwanen ƙasa na dahuwa irin na gida, muka yi yawo ba mu samu ba, kuma itacen Legas ga tsada ga danshi, tukunyar ƙasa kuwa tana cin wuta kafin ta tafasa. Na ce a dafa a ganga. Ta yi gardama, daga baya ta yarda da sharaɗi ɗaya: dahuwa a ƙarfe, amma tashin giya sai a randar ƙasa. Muka raba aiki a kan haka.

"Ƙarfe naka, ƙasa tawa," in ji ta. "Kada ka sa mini baki, ba zan sa maka ba."

Bulus ya kai ni Apapa, bayan layin tireloli, inda gangunan da aka juye kayansu suke jibge kamar tsauni. Masu sayarwa suka yanyame mu, kowa yana cewa tasa ba ta taɓa ɗaukar kome ba sai ruwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karanta abin da ke jikinsu. Wasu da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, wasu da sunayen magungunan masana'anta, wasu kuma an kankare rubutun da gangan an shafa sabon fenti. Bulus ya gaji.

"Furofesa, ganga ce fa, ba jarrabawa ba. A wanke da sabulu a wuce wurin."

"Abin da mutane za su sha ne. Gangar da ban san abin da ta ɗauka ba, ba za ta hau murhun Inna ba."

Muka dawo hannu wofi, yana yi mini tsiya har gida. Daga baya na sami wani gidan burodi a Agege da ke sayen man girki a ganga. Na tsaya aka juye ta ƙarshe a gabana, na sayi gangar. Mai walda ya raba ta biyu, na sa ya goge bakin har ba ya yankan hannu, ya kuma liƙa mata mariƙai. Muka ƙona cikinta, muka dirje da toka da yashi, muka tafasa ruwa a ciki muka zubar, har sai da ruwan ya fito ba maiƙo ba wari. Inna ta shinshina, ta ce ba laifi. A bakinta wannan babban yabo ne.

Ranar sayen randuna ita ce a gaba, ni a baya. Mai randunan wata Bayarabiya ce mai jiki, ba ta jin Hausa, Inna kuma ba ta jin Yarbanci, ni da ke tsakani ba a nemi taimakona ba. Inna takan ƙwanƙwasa randa da awarwaronta ta kara kunne. Wadda ta yi ƙara a dushe, ta ture ta gefe, tsaga ce a ɓoye. Wadda ta yi ƙara garau, sai ta ɗora harshe a gefenta, ta ji ko ta gasu sosai, sa'an nan ta zura kai ciki ta shinshina. Ta ƙi ta farko, ta ƙi ta biyu, ta ƙi jeri guda. Matar ta fara faɗa tana tafa hannu, Inna ko kallonta ba ta yi ba. Can sai matar ta daina faɗan, ta zuba mata ido, ta shiga bayan rumfa ta mirgino wasu da ba ta fito da su ba. Inna ta ƙwanƙwasa ɗaya, suka dubi juna, su biyun suka gyaɗa kai. Bakin randunan ya fi na gida faɗi, Inna ta ce za a rufe da faifai. Muka ɗauki uku. Matar ta ƙara mata da ƙaramin kasko kyauta, ta riƙe hannunta tana magana mai tsawo, Inna tana amsawa da Hausa, kowace ta gamsu.

Sauran kayan ba su ba mu wahala ba: kwandon tata, buhunan rufe tsiro, tabarmi, ludayi, da duwatsun murhu da Saja ya tono daga bayan katanga. Ƙore kuwa sai a wajen mutanenmu. Wani Bakano mai sayar da su a bakin tasha ya ga ina zaɓen masu yawa.

"Malam, fura za a dama?"

"Burukutu," na ce.

Ya dube ni, ya dubi ƙoren.

"Ban ji ba. Guda nawa kake so?"

Ba a fara da sa'a ba. Inna ta jiƙa dawa, ta baza a tabarma a ƙasa ta rufe kamar yadda ta saba, tsiro ya fito da kyau, amma wajen shanya sai danshin Legas ya kama shi, ya yi funfuna. Ta kwashe duka ta zuba wa kajin Saja, ta koma ta zauna a gindin mangwaro.

"Garin nan ba ya so," in ji ta.

Na ga hannuwan sun koma cinya. Na ce mata ba garin ba ne, ƙasar ce ke riƙe ruwa, a ɗaga tsiron sama. Na samo sabon kwanon rufi, na ɗora a kan bulo, muka shimfiɗa tabarma a kai, inda rana ke dukansa iska kuma ke bi ta ƙarƙashi. Ta ce a gida ba a haka. Na ce a gida ba a ganga ma. Ta harare ni, ta tashi ta jiƙa wata dawar. Wannan karon tsiron ya bushe ƙayau, aka kai inji aka niƙa. Ta dama, ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, ta tace. Saura abu guda: sabuwar randa ba ta tayar da giya da kanta, sai an sami tsohuwa wadda jikinta ya sha giya, ko ragowar wata giyar a zuba. Nata kuwa duka ta fasa su a gida. Saja yana zaune yana jinmu, sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito rungume da wata baƙar randa mai ɓallin baki, ya juye ƙusoshi da tsofaffin maɓallai daga ciki.

"Ta marigayiya ce. Ban san ko da sauran amfani ba."

Inna ta zura kai ciki, ta daɗe.

"Da sauran rai," in ji ta. "Kada wanda ya kusance ta da sabulu."

Ta ɗauraye ta da ruwa zalla, ta zuba kaɗan daga abin da ta tace, ta rufe. Da ya fara motsi ta rarraba shi cikin sababbin randunan. Safiyar da giyar ta tashi, tun daga ɗaki na ji randunan suna shu kamar yayyafi a kan kwano, kumfa ya ɗaga faifan. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanen zuwa coci. Ta ɗebo a sabuwar ƙwarya, ta je gaban Saja ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya kafa kai ya sha, ya goge gashin baki. Da ni da Bulus muna tsaye muna jira.

"Ta yi," in ji Saja. "Amma ta marigayiya ta fi ta ƙarfi."

Na ji kamar in toshe masa baki. Inna ta miƙe tsaye a hankali, ta karɓi ƙwaryar, ta kurɓi ragowar, ta juya ta a baki.

"Allah ya ji ƙan marigayiya, amma sojoji ta dafa wa, su kuwa ko kanwa aka jiƙa musu za su ce ta yi. Ni mutane nake dafa wa. Abin da ya rage mata ba ƙarfi ba ne, ruwan rijiyarka ne mai gishiri, da itacen da wannan yaron ya sayo mini kamar an tsamo shi daga kogi."

Saja ya fashe da dariya har da tari. Bulus ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwarya, ta buge hannun, ta ce ya jira a ba shi. Sa'an nan ta juyo gare ni, tana gyara ɗaurin zane.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona. Dawar nan ta mudu-mudu ta ishe ni, buhu za ka nemo, ta bana, kuma ni zan ciza kafin a biya. Ka koma wajen matar nan mai randuna ka ce ta gasa mini manya guda biyu masu ƙaramin baki, ta ɗauki lokacinta, ba sauri nake ba, kafin Kirsimeti nake so. Ka nemo wanda zai kafa mini rumfa a nan, don damina mai zuwa ba zan dafa a cikin ruwa ba."

Na ce to, Inna. Na shiga ɗaki na sa takalmi.